Maƙalar Nazari a Ajin Tarihi: Misali da Tambayar Jihadin 1804

A kowane zangon karatu, idan na zo ba ɗaliban aji biyu jinga a kwas ɗin tarihin ƙasar Hausa, tambayar da na fi yawan bayarwa ita ce su yi nazarin dalilan da suka haddasa jihadin da ya ɓarke a ƙasar Gobir a shekarar 1804. Da gangan nake zaɓen wannan tambaya, domin da wuya a sami ɗalibin da ya tashi a Arewa bai san labarin ba tun yana firamare, kuma sanin labarin shi ne yake jefa yawancinsu cikin matsala. Mafi yawan takardun da suke dawowa gare ni suna farawa ne da haihuwar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Maratta a 1754, su bi shi zuwa Degel, su ambaci malaminsa Jibrilu ɗan Umaru, su raka shi hijira zuwa Gudu, su yi yaƙin Tabkin Kwatto, su ci Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1808, sannan su rufe da rasuwarsa a Sakkwato a 1817. Duk abin da ke ciki gaskiya ne, shekarun ma daidai suke, kuma an buga aikin tsaf a kwamfuta an sa masa bangon leda mai sheƙi. Amma idan na kai ƙarshen shafi na shida ina neman wurin da marubucin ya amsa tambayar da aka yi masa, sai in tarar babu shi.

Abin da ake nufi da maƙalar nazari shi ne rubutun da marubucinsa ya ɗauki matsayi a kan wata tambaya, matsayin da mutum mai hankali da sani zai iya cewa bai yarda da shi ba, sannan ya kare matsayin nan da hujjoji har mai karatu ya ga dalilin da zai sa a ɗauke shi da muhimmanci. Ma'aunin da nake ba ɗalibai mai sauƙi ne: su ɗauki jimlar da suke ganin ita ce ƙashin bayan aikinsu, su tambayi kansu ko akwai wanda zai iya musanta ta. Babu wanda zai yi musu a kan cewa Shehu ya yi hijira zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804, saboda haka wannan jimla ba za ta iya ɗaukar nauyin maƙala ba, sai dai ta zama ɗaya daga cikin kayan aikin da za a gina hujja da su. Idan kuwa ɗalibi ya rubuta cewa raunin sarautar Gobir ya fi zaluncinta tasiri wajen ɓarkewar yaƙin, to ya faɗi abin da za a iya ja da shi a kai, kuma daga nan ne aikinsa ya soma.

Akwai wani nau'in takarda da ya ɗara na masu ba da labari, wanda shi ne ya fi yaudarar mai shi, domin yana kama da nazari. Marubucinsa yakan raba aikin gida huɗu, ya sa kanun dalilan addini, da na siyasa, da na tattalin arziki, da na zamantakewa, ya zuba abu uku ko huɗu a ƙarƙashin kowane kai, sannan ya kammala da cewa duk waɗannan dalilai sun haɗu sun haifar da jihadi. Irin wannan takarda takan sami makin tsaka-tsaki a wurina, kuma mai ita yakan zo ofis cikin ladabi ya ce, "Malam, ai duk dalilan na kawo, ban bar ko ɗaya ba." Amsar da nake ba shi ita ce lallai ya kawo su, amma bai gaya mini wanne ya fi wanne nauyi ba, bai nuna mini wanne ya haifi wanne ba, kuma bai bayyana abin da zai faru da an cire ɗaya daga cikinsu ba. Jera dalilai aiki ne na tattarawa, kuma kowa zai iya yin sa daga takardun darasin da aka raba a aji. Auna su da juna shi ne abin da ake ba da maki a kansa, kuma shi ne ba ya cikin takardun darasin.

Hanya mafi inganci da na sani ta fita daga wannan hali ita ce ɗalibi ya matse tambayar da aka ba shi har ta zama ƙarama mai kaifi. Tambayar dalilan jihadi tana da faɗi ƙwarai, amma a cikinta akwai wata da ta fi ta amfani, wato me ya sa aka yi yaƙin a 1804, ba a yi shi shekara goma ko ashirin kafin nan ba. Shehu ya fara wa'azi yana ɗan shekara ashirin, wajajen 1774, wanda ke nufin ya shafe kusan shekara talatin yana karantarwa da yawon wa'azi a Gobir da Zamfara da Kabi ba tare da an zare takobi ba. Harajin da ake kuka da shi yana nan a duk tsawon wannan lokaci, haka ma cakuɗa addini da al'adun gargajiya da malamai suke suka a fadojin sarakuna. Abin da yake nan tun 1774 ba zai iya zama shi kaɗai ne bayanin abin da ya faru a 1804 ba, dole ne a nemo abin da ya sauya a tsakani. Ɗalibin da ya kai ga wannan tunani ya riga ya bar sahun masu ba da labari, ko da bai rubuta kalma ɗaya ba tukuna, domin yanzu zai koma ga littattafan da ya riga ya karanta yana neman wani abu takamaimai.

Idan ya koma, ga irin abin da zai tarar. A zamanin Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo, wanda yake da ƙarfi da kwarjini, dangantakar fada da Shehu ba ta gaba ba ce. A haɗuwar da suka yi a Magami lokacin sallar layya, wajajen 1788, Shehu ya ƙi karɓar dukiyar da aka ba shi, ya nemi a maimakonta a bar shi ya yi wa'azi, kada a hana kowa amsa kiransa, a girmama masu rawani, a saki fursunoni, kuma a sassauta wa talakawa haraji, Bawa kuwa ya amince. Sarkin da ya amince da irin waɗannan buƙatu sarki ne da ba ya ganin malamin a matsayin barazana ga gadonsa. Bayan rasuwar Bawa sai sarakuna uku suka biyo baya cikin ƙasa da shekara goma sha biyar, wato Yakuba da Nafata da Yunfa, a lokacin da Gobir take fama da yaƙe-yaƙe da maƙwabta, kuma Zamfarawa ba su manta da cewa Gobirawa ne suka rushe musu birni a tsakiyar ƙarni na 18 ba. A daidai wannan lokaci ne Jama'ar Shehu ta bunƙasa ta zama al'umma mai shugabanta da makarantunta da tufafin da ake gane ta da su, har ta soma tanadin makamai a shekarun 1790. Dokokin da Nafata ya kafa, na hana kowa wa'azi in ban da Shehu, da hana wanda bai gaji Musulunci ba shiga cikinsa, da hana rawani da lulluɓi, ana iya karanta su a matsayin zalunci kawai, ana kuma iya karanta su a matsayin matakin sarkin da ya ga wata hukuma tana tsirowa a cikin ƙasarsa ya rasa yadda zai yi da ita. Harin da dakarun Yunfa suka kai wa mutanen Abdussalami, wani almajirin Shehu, a Gimbana, da kuma ƙwato kamammun da Jama'a ta yi lokacin da aka biyo da su ta kusa da Degel, su ne suka kawo ƙarshen zaman lallaɓa juna.

Daga wannan ɗalibi zai iya fitar da matsayi a jimla ɗaya ko biyu, misali ya ce: koke-koken haraji da na gurɓatar addini sun bayyana dalilin da ya sa mutane suka bi Shehu, amma ba su bayyana lokacin ɓarkewar yaƙi ba, abin da ya kawo yaƙi a 1804 shi ne Jama'a ta girma har ta zama al'umma mai cin gashin kanta a daidai lokacin da sarautar Gobir ta yi raunin da ba za ta iya jure hakan ba. Ba lallai ne in yarda da wannan matsayi ba, kuma na sha ba da maki mai yawa ga takardun da suka kare akasinsa. Abin da ya sa yake da amfani shi ne ya ba marubucin ma'aunin da zai tace kayansa da shi. Tarihin yarintar Shehu, duk da daɗinsa, ba ya taimaka wa wannan hujja, don haka sai ya fita. Haɗuwar Magami kuwa, wadda masu ba da labari sukan wuce ta a layi ɗaya, sai ta cancanci sakin layi guda cikakke.

A kan ginin sakin layi, abin da nake tuna wa ɗalibai shi ne zaman kotun alƙali, wanda kusan kowannensu ya san yadda yake. Mai ƙara yakan faɗi da'awarsa, sai a ce ya kawo shaidu, kuma kawo shaidun ba ya wadatarwa sai an nuna cewa abin da suka faɗa ya shafi abin da ake ƙara a kai. Sakin layi na nazari haka yake tafiya: jimlar farko ta faɗi abin da ake so a tabbatar, na tsakiya su kawo shaida daga majiya, sannan marubucin ya yi bayani da bakinsa yadda shaidar ta tabbatar da da'awar da kuma iyakar inda ta tsaya. Wannan kashi na uku shi ne ɗalibai suka fi tsallakewa, domin suna ganin da zarar sun ɗauko maganar wani babban masani sun manna, magana ta ƙare.

Bari in nuna bambancin da misali. Ga irin sakin layin da na fi gani: "Wani dalilin jihadi shi ne haraji. Sarakunan Haɓe suna karɓar haraji iri-iri kamar jangali da gaisuwa. Shehu ya ambaci wannan a Kitabul Farƙi. Wannan ya sa talakawa suka goyi bayan jihadi." Babu ƙarya a ciki, amma jimlar ƙarshe ta yi tsalle daga shaida zuwa hukunci ba tare da ta taka komai ba. Ɗalibin da ya tsaya ya yi tunani zai rubuta abu kamar haka: "Jangali, wanda Kitabul Farƙi ya lissafa cikin ayyukan zaluncin sarakuna, haraji ne da ake ɗora wa dabbobi, saboda haka nauyinsa ya fi faɗawa kan makiyaya. Wannan yana taimakawa wajen fahimtar abin da ya sa dangogin Fulani makiyaya da dama, waɗanda ba malamai ba ne, suka amsa kiran Jama'a. Sai dai bai bayyana goyon bayan manoman Zamfara ba, waɗanda kukansu ya fi alaƙa da mamayar Gobirawa. Haka kuma, ganin cewa jangali ya sake bayyana a masarautun da aka kafa bayan jihadi, har Turawan mulkin mallaka suka ci gaba da karɓarsa, ya kamata a yi hattara da ɗaukarsa a matsayin abin da aka yi yaƙin domin kawar da shi." Shaidar ɗaya ce a duka biyun, kuma na biyun bai buƙaci wani littafi da na farkon bai karanta ba. Bambancin shi ne na biyun ya tambayi wa harajin ya shafa, wa bai shafa ba, kuma me ya faru da shi daga baya.

Daga nan sai batun majiya, wanda a nan ne nake ganin ɗalibanmu suna da wata matsala ta musamman da ya kamata a faɗe ta a fili. Kusan duk abin da muka sani game da abubuwan da suka faru tsakanin Degel da Alƙalawa ya zo mana ne ta alƙaluman jagororin jihadin kansu. Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello, wanda shi ne babbar majiyar labarin yaƙe-yaƙen, an rubuta shi ne a 1812, shekara huɗu bayan faɗuwar Alƙalawa, kuma marubucinsa ɗan Shehu ne, kwamandan yaƙi ne a ɓangaren da ya yi nasara, sannan shi ne ya zama Sarkin Musulmi bayan mahaifinsa. Wannan bai mai da littafin abin zargi ba, hasali ma kasancewar marubucin ganau ne shi ya ba shi darajarsa. Amma mai nazari dole ne ya riƙa tuna cewa Yunfa bai bar mana nasa littafin ba, kuma hoton sarakunan Gobir da muke da shi abokan hamayyarsu ne suka zana shi. Idan na faɗi haka a aji nakan ga fuskoki sun canja, domin ɗalibai da yawa sun tashi da tarbiyyar cewa maganar malami, balle ta Mujaddadi da iyalansa, karɓarta ake yi, ba a tambayar yaushe aka faɗe ta ko don wa aka faɗe ta. Tarbiyyar tana da kyau a muhallinta, amma idan ɗalibi ya shigo da ita cikin maƙala sai ta hana shi yin aikin da aka sa shi.

Abin da nake nuna musu shi ne su waɗannan malamai da ake jin nauyin tattauna rubutunsu, da muhawara suka rayu. Bello da kansa ne ya adana mana wasiƙun da suka yi musaya da Shehu Muhammadu al-Aminu al-Kanemi na Borno, inda al-Kanemi ya ƙalubalanci halaccin yaƙar mutanen Borno, yana mai kafa hujja da cewa Musulmi ne, kuma aikata saɓo ba ya fitar da mutum daga addini. Bello bai ɓoye wannan suka ba, ya kawo ta ya amsa ta da hujjojinsa, wanda shi ne ainihin abin da nake roƙon ɗalibai su yi. Abdullahi ɗan Fodiyo ma, ƙanen Shehu kuma ɗaya daga cikin manyan jagororin yaƙin, ya kai matsayin da ya ga son duniya ya shiga cikin mayaƙa har ya bar rundunar da niyyar tafiya Makka, ya tsaya a Kano inda ya rubuta Liya'ul Hukkami, sannan ya koma. Ya kuma bayyana wannan damuwa tasa a Tazyinul Waraƙati ba tare da rufa-rufa ba. Ɗalibin da ya kawo shaidar Abdullahi domin ya nuna cewa ba duk wanda ya ɗauki makami ne ya ɗauka don dalili ɗaya ba, bai ci mutuncin kowa ba, ya dai karanta abin da Abdullahi ya rubuta domin a karanta.

Maƙala mai ƙarfi takan ware wuri ga ra'ayin da ya saɓa wa nata, kuma ta kawo shi da ƙarfinsa, ba a raunane ba. A wannan tambaya, ra'ayin da ya fi shahara shi ne wanda marubutan zamanin mulkin mallaka suka yaɗa, cewa jihadin tawayen ƙabila ne, Fulani suka ƙwace mulki daga hannun Hausawa da sunan addini. Ɗalibai sukan yi ɗayan abu biyu da shi: ko su haɗiye shi ɗungurungum, ko su yi watsi da shi a jimla ɗaya su ce makircin Turawa ne. Duka biyun gudun aiki ne. Ra'ayin yana da shaidar da ba za a kau da kai daga gare ta ba, domin kusan duk waɗanda aka ba tuta suka kafa masarautu Fulani ne, daga Katsina da Kano da Zazzau har zuwa Gombe da Adamawa. Amma akwai shaidar da take wahalar da shi: Yakubu na Bauchi ba Bafulatani ba ne, Abdussalami wanda harin da aka kai wa mutanensa ya kunna wutar rikicin Ba'are ne, Hausawa da yawa sun yi yaƙi a ɓangaren Jama'a, kuma akwai Fulanin da suka tsaya tare da Gobir. Mai nazari zai iya cewa ƙabila ta fi bayyana yadda aka raba mulki bayan nasara fiye da yadda ta bayyana abin da ya tada yaƙin, kuma tawayen da Abdussalami ya yi wa Bello bayan rasuwar Shehu ya ba shi abin tattaunawa a kan haka. Masana tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, musamman Abdullahi Smith da Yusufu Bala Usman, sun yi dogon aiki wajen nuna cewa kallon tarihin wannan yanki ta tagar ƙabila kaɗai yana ɓoye fiye da abin da yake bayyanawa, kuma ɗalibin da ya karanta su zai ga yadda ake rushe ra'ayi ta hanyar bin shaidunsa ɗaya bayan ɗaya.

Gabatarwa da kammalawa ba sa buƙatar dogon bayani. Gabatarwa ta faɗi tambayar, ta faɗi matsayin marubuci, ta nuna hanyar da za a bi, kuma ya fi kyau a rubuta ta bayan an gama sauran aikin, lokacin da marubucin ya san abin da ya tabbatar. Shimfiɗar da take farawa da ma'anar tarihi ko da cewa jihadi muhimmin al'amari ne a Afirka ta Yamma ɓata takarda ce. Kammalawa kuma wuri ne na faɗin abin da hujjojin suka kai mu gare shi da abin da suka bari a buɗe, ba wurin maimaita kanun da aka riga aka karanta ba, ba kuma wurin ba gwamnati shawara ba, al'adar da ban san inda ɗalibai suka samo ta ba amma take bayyana har a maƙalar da ta shafi ƙarni na 19.

Adalci ne a ce ba laifin ɗalibai ba ne kaɗai. Yaron da ya shigo jami'a ta hanyar jarrabawar JAMB, wadda zaɓen amsa ɗaya ce daga cikin huɗu a kwamfuta, bayan shekaru na haddar abin da malami ya rubuta a allo, ba a taɓa neman ra'ayinsa a rubuce ba, balle a koya masa kare shi. Ajin da ke da ɗaruruwan ɗalibai ba ya ba malami damar zama da kowa ya bi takardarsa layi-layi, kuma littafin da ake buƙata sau da yawa kwafi ɗaya ne a laburare, idan ma yana nan. Ga kuma Ingilishi, wanda yawancinsu da shi suke rubutu alhali ba da shi suke tunani ba, abin da yake sa su fake a bayan manyan kalmomi da dogayen jimlolin da suka kwafo. Shawarar da nake ba su a kan wannan ita ce, kafin su zauna rubutu, su sami abokin da ba ɗan sashen tarihi ba, su bayyana masa matsayinsu da Hausa cikin minti biyu, su bar shi ya yi musu tambayoyi. Wanda ya kasa yin haka da harshen da ya tashi da shi, matsalarsa ba ta Ingilishi ba ce, bai riga ya san abin da yake so ya faɗa ba ne. Wanda kuwa ya iya, to ko da Ingilishinsa yana ɗingishi zan gane hujjarsa, kuma zan ba ta maki fiye da takarda mai santsin harshe wadda ba ta ce komai ba.

Tun bayan fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022 irin waɗannan takardu masu santsi sun yawaita. Gane su ba shi da wuya kamar yadda masu kawo su suke zato, domin kusan kullum tsarin kanu huɗun nan suke bi, suna ba kowane dalili nauyi daidai da na ɗan'uwansa, ba sa kama matsayi, kuma wani lokaci sukan jingina magana ga littafin da babu shi ko shafin da bai ƙunshi maganar ba. Ba na ɓata lokaci wajen gardama a kan wanda ya rubuta. Nakan kira ɗalibin in buɗe shafi na uku, in nuna masa jimla ɗaya in ce ya gaya mini inda ya samo ta da abin da ya sa ya yarda da ita. Wannan tambaya ita ce dalilin da ya sa ake sanya madogara tun asali, domin mai karatu ya iya bin sawun marubuci ya duba da idonsa, kuma ko salon rubuta madogara na APA sashe ya zaɓa ko na Chicago, abin da ake buƙata ɗaya ne: sunan marubuci, da shekara, da lambar shafi. Ɗalibin da ya rubuta lambar shafi a littafinsa na rubutu tun lokacin da yake karatu ya huta da neman ta a daren da za a miƙa aiki. Waɗanda suke kusa da Kaduna ko Sakkwato kuma suna da gatan da ba kowa yake amfani da shi ba, domin Gidan Arewa da Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa suna Kaduna, Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu tana Sakkwato, kuma ko ɗalibin aji biyu zai iya zuwa ya nemi a nuna masa abin da ya shafi aikinsa.

Jingar zango mai zuwa a kan 1903 za ta kasance, kuma na san takardu da yawa za su zo da amsa ɗaya, cewa Turawa sun ci daular Sakkwato ne saboda suna da bindiga mai ruwa. Bindigar gaskiya ce, amma ga abin da zan so a auna ta da shi: Kano ta faɗi a farkon Fabrairu, Sakkwato a tsakiyar Maris, tsakaninsu mako shida kacal, alhali Burmi ta ƙasar Gombe, wadda ba ta kai ko kusa da girman ɗayansu ba, ta kori harin farko da aka kai mata a watan Mayu, ba a ci ta ba sai a ƙarshen Yuli, ranar da aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya. Makaman Turawa iri ɗaya ne a wuraren uku, saboda haka wanda yake so ya ce makami ne ya yanke hukunci sai ya bayyana mini abin da ya bambanta Burmi.